Ranar da Aka Hura wa Mai Agogo

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ara wa bayinSa ji da gani, Yake kuma karɓar abinSa a lokacin da Ya so, na wani a yini guda, na wani da kaɗan-kaɗan.

A wani titi da ke bayan kasuwa akwai ƙaramin shago mai rumfar kwano a gabansa. Shagon na wani dattijo ne da kowa ke kira Mai Agogo, domin a kan gyaran agogo ƙuruciyarsa da girmansa suka ƙare. Da agoguna suka yi ƙaranci a hannun mutane, ɗansa ya karɓi shagon ya mayar da shi wurin gyaran waya, aka bar wa tsohon benci biyu da ɗan tebur a ƙarƙashin rumfa. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya. Abokan sana'arsa wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa garuruwa masu nisa. In ka cire masallaci, abu ɗaya ne ya rage da yake fito da shi daga ɗaki, shi ne allon draf.

Kullum aka sallame la'asar ƙanensa yakan zo su zauna a kan allon. Ƙanen nan tsohon malamin makaranta ne, gemunsa ya yi fari fat, har yana da jikoki masu aure, mutanen unguwa suna russuna masa suna cewa Malam. A bakin wansa kuwa sunansa Auta. Mahaifinsu ya rasu ya bar shi ƙarami, Mai Agogo ne ya riƙe shi, ya sa shi a makaranta, ya yi masa aure, shi ne kuma ya fara ɗora yatsansa a kan 'ya'yan draf. Akwai mutum biyu da ba sa fashin zama tare da su: Mai Aski, wanda shagonsa ke jingine da nasu, da wani tsohon direban babbar mota da ake kira Direba, mai ƙaton murya da saurin dariya.

Wasan rumfar nan tsarkakakke ne. Ba a sa komai a kansa, ba a rantsuwa, kuma da ladan ya taɓa lasifika don magariba an tashi ke nan, ko da sarkin wani yana bakin ci. Bayan wannan akwai dokoki biyu da Mai Agogo ya tsare kamar ransa. Ta farko yakan faɗe ta a taƙaice: "An taɓa, an tafi." Duk ɗan da yatsanka ya sauka a kansa shi za ka tura, ko da halaka zai faɗa. Ta biyu ita ce hurawa. Idan ci ya samu ɗanka, kai kuwa ba ka lura ba ka tura wani, abokin wasanka zai ɗauke ɗan da ya ƙi cin, ya kai shi bakinsa ya hura masa iska, ya ajiye shi gefe, sannan ya yi tafiyarsa.

Mai Agogo gwani ne a hurawa. Ba ya gaggawa. Sai ya bari ka janye hannunka, ya gyara zaman hularsa, ya tambaye ka lafiyar iyali, sannan ya sa yatsu biyu kamar mai aiki da hantsaki, ya ɗaga ɗan sama kowa ya gani, ya hura masa iska irin yadda yake kore ƙura daga cikin agogo.

"Je ka huta, bawan Allah," yakan ce wa ɗan. "Maigidanka barci yake ji."

Shi kuwa ba wanda ya taɓa hura masa. Yakan buga ƙirji ya ce, "Ranar da aka hura mini, ranar zan naɗe allon nan in shige ɗaki da shi, ba mai ƙara ganina a rumfar nan." Sai a yi dariya, domin ba wanda ya zaci ranar tana cikin ranaku.

Malam ne ya fara ganin ta tafe. Wata la'asar ci ya buɗe wa Mai Agogo a gefen allo na hagu, a fili ƙarara, irin wanda ko sabon shiga ba zai tsallake ba. Tsohon ya dubi allon ya daɗe, sannan ya tura wani ɗa a tsakiya. Hannun Malam ya tashi da kansa, ya kai rabin hanya, sai ya karkata ya tafi gemu ya sosa. Direba da Mai Aski suna can suna musu a kan wata mota da ta wuce, ba wanda ya lura. Malam ya ce a ransa tuntuɓe ne. Da abin ya sake faruwa, kuma a gefe, sai ya tsaya a zaure bayan magariba ya tare 'yar wansa, wadda ke aikin jinya a asibiti, ita ce kuma ke kula da uban.

"Baffa, ya hana ni faɗa," in ji ta, tana murɗa bakin mayafinta. "Ya ce in na faɗa bai yafe ba."

"Ba ki faɗa ba, 'yata. Ni na tambaya."

"Hawan jinin ido ne. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawar nan tsare ragowar kawai yake yi. Gabansa yana gani, amma gefe da gefe duhu ne. Baffa, don Allah ku bar masa wasan nan. In ya dawo daga rumfa har waƙe-waƙensa yake yi yana alwala. Ranar da ruwan sama ya hana ku zama kuwa, ko abinci sai na yi da gaske."

Daga ranar Malam ya sauya wasansa. Shi da aka sani da bin gefen allo, sai ya tattara 'ya'yansa a tsakiya, inda idon wansa ke kaiwa. In ci ya buɗe a gefe duk da haka, sai ya yi tari, ko ya ɗan karkata allon kamar mai gyara masa zama. In duk wannan bai yi ba, ya sosa gemu ya yi tafiyarsa da sauri kafin Direba ya waigo. Abin bai kwanta masa a rai ba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana hana yara satar amsa, ga shi da furfura yana ɓoye gaskiya a kan allon katako. Yakan nemi gafarar Ubangiji bayan salla, gobe kuma ya sake. Ya san ba abin da zai ɗore ba ne, domin idon Direba kaifi gare shi, bakinsa kuma ba shi da birki.

Ana cikin haka, wata rana Direba ya iso rumfar yana ɗaga wayarsa sama.

"Jama'a, ku zo ku ga zamani! Jikata ta sa mini draf a waya. Jiya da wani mutum na yi wasa, ban san ƙasarsu ba, ban san yarensu ba, na ba shi kashi. Amma kun san a nan ciki ba a hurawa?"

Mai Agogo yana jera 'ya'ya a kan allo, ya tsaya. "Ba a me?"

"Ba a hurawa, Baba Mai Agogo. Ci dole ne. In ci ya same ka, ko ka danna wani ɗan ba zai motsa ba, sai ma wayar ta haska maka wanda zai ci. Yarinyar ta ce haka manyan 'yan wasa suke yi yanzu. In mutum bai ga ci ba, a nuna masa, ya mayar da tafiyarsa ya ci abinsa."

"To ai ko makaho sai ya yi wasa ke nan," in ji Mai Aski, ya ƙyalƙyale da dariya. Bai san inda maganarsa ta sauka ba. Malam ya saci kallon wansa.

Mai Agogo bai nuna komai a fuska ba. "Wannan ba draf ba ne, reno ne," ya ce. "Yau a nuna maka ci, gobe a tauna maka abinci a sa maka a baki. Kai Direba, duk tuƙin da ka yi, akwai ramin da ya taɓa haska maka kansa?"

"Ai motocin yanzu ƙara suke yi in ka kusa bugun abu."

"Shi ya sa direbobin yanzu suke tuƙi da kunne. Wasan nan gaba ɗayansa lura ne. In ka cire wa mutum tsoron hurawa, me ya rage? Tura katako. Auta, gaya musu."

Tun da aka kafa rumfar, duk musun da ya tashi, in Mai Agogo ya ce "Auta, gaya musu," Malam yakan gyara murya ya kawo wa wansa hujja. A wannan karon sai ya tsaya yana duban wayar da ke hannun Direba kamar wanda aka miƙo wa igiya yana cikin rijiya. Ya ga hanya: in babu hurawa, babu ranar naɗe allo, babu kuma sauran ɓoye-ɓoye.

"Yaya," ya ce a hankali, "ni dai ina ganin akwai adalci a cikinta."

Mai Aski ya daina dariya.

"Hurawa hukunta mutum ne a kan mantuwa," Malam ya ci gaba, muryarsa ta koma irin ta aji. "Mantuwa kuwa ko Ubangijinmu, cikin rahamarSa, Ya ɗauke wa bayinSa laifinta. Kamata ya yi a ci mutum da dabara, ba don idonsa ya kauce ba."

"Iye!" in ji Direba. "Malam, duk 'ya'yana da ka hure a rumfar nan, ashe ka san da wannan karatun ka ɓoye? To ka dawo mini da su."

Mai Agogo ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya ya dubi ƙanensa. "Kai ne, Auta?"

"Mu gwada ta yau kaɗai, Yaya. In ba ta yi daɗi ba mu bar ta."

Tsohon ya ƙarasa jera 'ya'yan. Can ya tura ɗansa na farko.

Wasan ya yi nisa lami lafiya, har Malam ya fara jin sanyi a ransa. Sai ci ya buɗe a gefen dama. Mai Agogo ya dubi allon, ya tura wani ɗa a tsakiya, ya janye hannu. Wannan karon idon kowa yana kan allon, domin kowa yana son ya ga sabuwar dokar tana aiki.

"Yaya," Malam ya ce da murya mai taushi, "akwai ci."

"Ina?"

"A damanka."

Mai Agogo ya juya kansa dama. Ya wuce wurin. Ya dawo da kan a hankali yana bin gidajen allon ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman allura da fitila, mutum uku suna kallonsa. Abin da Malam ya yi watanni yana rufewa, sabuwar dokar ta kware shi a tsakiyar rumfa. Mai Aski ya sunkuyar da kai. Direba ya zura wayarsa cikin aljihu.

Da tsohon ya samu wurin, ya dube shi, bai ci ba. Ya jawo jakar 'ya'yan ya share su ciki, nasa da na ƙanensa, ya ɗauki allon ya rungume a ƙirji.

"Yaya, ba a kira salla ba tukuna."

"Na sani. Kunnena lafiya lau."

Ya shige gida.

Kwanaki suka wuce rumfar ba kowa sai bencuna. Mai Agogo yakan fito salla, ya tsaya a ƙarshen sahu, ana sallamewa ya bi bango ya koma. In Malam ya gaishe shi yakan amsa, amma amsar da ake yi wa baƙo. 'Yarsa ta ce kwanon abincinsa yadda ta kai haka take ɗaukowa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Malam ya rasa inda zai sa kansa. Abin da ya yi ta gudu ya faru, kuma da hannunsa ya jawo shi.

Wata safiya da hantsi ya yi sallama a ƙofar ɗakin wansa. Ɗakin yana nan yadda ya san shi: gado, darduma a naɗe, Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe a kan marfin akwati, da kanta cike da agogunan da masu su suka kawo gyara ba su dawo karɓa ba. Allon draf yana bayan ƙofa, an juya fuskarsa bango. Mai Agogo yana zaune a bakin gado da carbi. Akwai kujera, amma Malam ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa, yadda yake zama tun yana yaro.

"Ka zo nuna mini inda ƙofa take?" in ji Mai Agogo.

"Na zo ba da haƙuri, Yaya."

"Na wanne? Na ranar nan, ko na watannin da suka gabace ta?"

Malam ya ɗaga kai.

"Ka ɗauka ban sani ba? Tarin nan naka da ba ya tashi sai in ci na gefe. Kai da ka yi rayuwarka kana raɓe-raɓe a gefen allo kamar mai gudun bashi, rana ɗaya ka tare a tsakiya. Ni na raine ka, Auta. Wata rana na bar ci a tsakiyar allo da gangan, a gaban hancina da naka. Na ga ka gan shi. Ka sosa gemu." Ya ja carbinsa. "Ranar ce ta fi mini ciwo, ba ranar Direba ba. Na ce ashe an daɗe da sallamata daga wasan nan, zama kawai ake yi da ni kamar yadda ake zama da majinyaci."

"Yaya, kai ka ce ranar da aka hura maka za ka naɗe allo. Ranar nake tsoro."

"Na rantse?"

"Ba ka rantse ba."

"Na yi wa Allah alwashi?"

"A'a."

"To kai da karatunka, cika bakin mai lafiya ka ɗauka ka mayar wahayi? Wanda ya faɗi maganar nan yana ganin ƙudan da ke bayan kunnensa. Ba shi ne zaune a gabanka ba."

Malam ya ji hawaye sun cika masa ido, ya sa hannun riga ya share. A tsakar gida ana jin 'yar tana wanke kwanuka.

"Kamar mai leƙe ta bututu, haka nake gani," Mai Agogo ya ce, muryarsa ta sauka. "Na karɓa. Wanda Ya ba ni Shi Ya rage, kuma Ya bar mini na karatu da na ganin fuskar jikoki, alhamdu lillahi. Amma dubi nan." Ya buɗe tafukansa a kan gwiwa. Yatsun dogaye ne, sirara, ba sa rawa ko kaɗan. "Waɗannan ba abin da ya same su. Sun san ƙarfen da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta ba tare da na duba ba. 'Ya'yana masu kusurwa huɗu ne, naka zagayayyu. Da zan bi allon nan da hannu sau ɗaya kafin in tafi, da na san inda kowa yake kwana."

"To me ya hana ka, Yaya?"

Mai Agogo ya janye tafukansa daga kan gwiwa. Ya kau da fuskarsa wajen kantar agogunan.

"An taɓa, an tafi," ya ce.

Sai a lokacin Malam ya gane. Ya riƙe baki.

"Wa ya kafa ta a rumfar nan? Ni. Na taɓa sa Mai Aski ya tura ɗansa cikin wuta don hannun rigarsa ya goge shi. Ya roƙe ni har da haɗa ni da iyayena, na ce an taɓa, an tafi. Da wane bakin zan ce a ɗaga mini? Na yi ta jira ko kai za ka lura ka faɗa. Sai ga ka ka tashi gyara, ka kwance agogon da ke tafiya, ka bar wanda ya tsaya."

Dariya ta kuɓuce wa Malam a cikin hawayen. "Wallahi ban taɓa kawo ta a raina ba."

"Ai na sani. Tun kana yaro haka kake, a aike ka gishiri ka dawo da sukari kana murna."

"Bari in je in gaya musu."

"A'a. Ni na ɗaura, ni zan kwance. Amma ka ji sharaɗina, Auta. Hurawa tana nan daram. In na shafa iya shafawata, ci ya kuɓuce mini, ka hura. In na ƙara ganin hannunka a gemun nan, Mai Aski zan sa ya kwashe shi tas."

Da la'asar ta yi, Mai Agogo ya fito da allon a ƙirjinsa. Direba da Mai Aski, waɗanda Malam ya riga ya aika wa, suka miƙe tsaye. Ya ajiye allon a kan tebur, bai zauna ba.

"Ku zauna, ba liman ne ya shigo ba. Magana gare ni, kuma sau ɗaya zan yi ta. Idona ya tafi ta gefe da gefe, likita ya ce ba zai dawo ba. Allah Ya sa kaffara ne."

"Amin, amin," suka amsa. Mai Aski ya matso. "Baba, maganar da na yi ranar nan, wallahi ban san..."

"Ka faɗi gaskiya ba ka sani ba, wannan ne karo na farko da aka kama ka da ita. Zauna." Ya gyara tsayuwa. "Dokar wayar Direba ta tsaya a wayar Direba. A rumfar nan ana hurawa. Amma ɗaya dokar, ta an taɓa an tafi, ina neman ku sassauta. Wanda ya ce 'shafa nake' kafin ya sa hannu, ya shafa allo yadda yake so, ba a kama shi ba. Roƙo nake, ba umarni ba."

Kalmar roƙo ta yi wa rumfar nauyi, domin ba a taɓa jin ta daga bakinsa ba. Mai Aski ne ya ɗauke nauyin. Ya zabura ya ɗaga hannun rigarsa sama.

"Jama'a, ku shaida! Hannun rigar nan nawa, da aka zalunta shekara da shekaru, yau Allah Ya bi masa hakkinsa!"

"Hannun rigarka bai ce shafa yake ba."

"Ai ba a ba shi dama ba, Baba!"

"Ni ma zan riƙa shafawa?" Direba ya tambaya.

"Kowa ma. Amma kai ko ka kwanta a kan allon, sai an hura maka."

Aka jera 'ya'ya. Da tafiya ta zo kan Mai Agogo, ya ce, "Shafa nake," da wata murya ƙasa-ƙasa, kamar kalmar tana masa ɗaci. Ya ɗora yatsunsa a kusurwar hagu, ya bi layi-layi, yana taɓa kan kowane ɗa da sauƙin da ko ɗaya bai gusa daga gidansa ba. Ya kai ƙarshe, ya ɗan rufe ido, ya tura. A tafiya ta gaba muryar ta ƙara fitowa. Kafin a jima yana faɗin ta kamar tun can da ita aka san shi. Malam kuwa ya koma gefensa na da, yana wasa da dukkan ƙarfinsa, bai rage komai ba. Bai ankara ba sai ga wansa ya ba shi ɗa guda, ya kwashe masa uku a gefen hagu, wurin da ido bai kai ba.

"Kai!" Direba ya buga cinya. "Malam, ashe gara a bar shi da idon, hannun nan ya fi haɗari!"

Rana ta yi ƙasa, inuwar rumfa ta kai tsakiyar titi. 'Ya'ya sun ragu a kan allo. Malam ya tura wani ɗa a can kusurwar dama, kusa da bakin allon, ya buɗe wa wansa ci ta baya ba tare da ya yi niyya ba. Mai Agogo ya ce shafa yake, ya bi allon, amma hankalinsa yana kan wani tarko da yake haɗawa a tsakiya, yatsunsa suka tsaya gida ɗaya kafin kusurwar suka juyo. Ya tura na tsakiya, ya janye hannu.

Ba wanda ya yi motsi. Mai Aski ya ƙura wa gemun Malam ido.

Malam ya dubi ɗan nan mai kusurwa huɗu, wanda gefensa ya sha hannu har ya yi santsi. Ya dubi wansa, mutumin da ya goya shi zuwa makaranta ranar da ƙaya ta soke shi. Ya yi bisimilla a zuciyarsa, ya miƙa hannu ya ɗauke ɗan. Leɓunansa sun bushe. Ya kai shi baki ya hura, iskar da ta fito ko gashin tsuntsu ba za ta ɗaga ba.

Mai Agogo ya ji ƙarar ɗaukewar. "Wanne?"

"Na kusurwar dama, Yaya. Ci ne ta baya."

Tsohon ya miƙa yatsa ya sami gidan, ya shafa shi, babu kowa. Ya taɓa ɗan Malam da ke kusa, ya taɓa gidan da ke bayansa. Ya daɗe a haka, su uku suna kallon hannun, ko zai tafi wajen jakar 'ya'yan.

"Haka ne," ya ce. "Na tsallake shi." Ya ɗaga kai. "Amma wannan ita ce hurawar? Kamar mai tsoron tayar da jariri? Duk shekarun nan kana kallona, abin da ka koya ke nan? Ɗaga shi sama. Sake, yadda mutanen kasuwa za su ji."

Malam ya ɗaga ɗan sama, hawaye na bin gemunsa, ya cika baki da iska ya hura har hular Direba ta motsa, ko kuwa Direba ne ya motsa ta don neman magana.

"Yawwa," in ji Mai Agogo. Ya jawo bencinsa ya ƙara matsowa jikin tebur, ya naɗe hannun riga. "Yi tafiyarka, Auta, ka daina ɓata mini lokaci. Akwai abin da na tanadar maka a tsakiya, kuma ina so ka faɗa ciki kafin ladan ya cece ka."